Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga limaman Juma'a da malaman tafsiri na jihar Kebbi, kan ciwon daji

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Allah ya gafarta malamai, Allah ya ƙara ma rayuwarku albarka.

Ni ba malami ba ne ba kuma likita ba, albasa nike saye ina saidawa nan wajen Aliero, bokona a NCE ya tsaya, allo kuwa na sauke amma ban yi nisa cikin littattafai ba, saboda haka in kun ga na yi tuntuɓe ku ɗauke ni ɗanku ku gyara min. Na so in bi ku ɗaya bayan ɗaya in faɗi maganar ga a zaure cikin sirri, har na gwada da mutum biyu, to amma ku da yawa ne, daga ƙasar Gwandu zuwa Argungu zuwa Yauri zuwa Zuru, ƙananan hukumomi 21, yaushe mai albasa zai gama zagaye ku. Shi ya sa na ce bari in rubuta a nan, wanda ya gani ya tura ma limaminsu ta WhatsApp, barin kashi a ciki dai ba ya maganin yunwa.

Wani azumi ne da ya wuce, muna wurin tafsiri bayan la'asar, an gama karatu an zo wurin tambayoyi, kun san yadda ake yi, ƴan takardu na fitowa daga ɓangaren mata, yaro ya kawo su a dunƙule a hannu duk sun jiƙe da zufa. Anka buɗe wata anka karanta a lasifika. Matar ta ce ita shekarunta sun haura 40, wata biyar ke nan jini bai ɗauke mata ba, ya zo ya tsaya kwana biyu ya dawo, kuma duk sanda mai gida ya kusance ta sai ta ga jini, wani lokaci da wani ruwa mai wari, tana tambaya yaya za ta yi da sallarta da azuminta. Ina zaune kusa da ginshiƙi ina firfita da hulata, yunwa ta ishe ni, ina lissafin kuɗin mota da za ta ɗauki kaya zuwa kudu. Malam ya gyara zama ya ba da amsa tsaf, ya ce haila ba ta wuce kwana 15 a mazhabarmu, abin da ya ƙaru a kai jinin istihala ne, jinin ciwo, ta yi wanka ta yi ƙunzugu ta yi sallarta ta yi azuminta, ya kawo hadisi ya kawo maganar malamai, ya rufe da yi mata addu'ar Allah ya ba ta lafiya. Munka ce amin. Wallahi har na ce a raina kai malam ya iya warware mas'ala. Anka wuce tambaya ta gaba, wani ne ke tambaya kan zakkar shinkafa.

Yayata ce ta rubuto takardar nan. Uwa ɗaya uba ɗaya, ita ta goye ni. Ban sani ba sai bayan wata goma sha ɗaya, muna zaune kan tabarma a harabar wani babban asibiti a wata jiha muna jiran rizal, ƙafarta ta hagu ta kumbura kamar turmi, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska saboda ta san warin na damun mutane duk da turaren da take zubawa, sai ta ce min, kai auta, ka tuna tambayar nan ta wurin tafsiri, ai ni ce. Ta ce ita da ta ji malam ya ce jinin ciwo ne a yi sallah, sai hankalinta ya kwanta, ta ɗauka abu ne sananne da ke samun mata tunda har ga hukuncinshi a littafi, sai ta ci gaba da shan maganin sanyi na ƴan kemis da jiƙe-jiƙen da ake kawo mata. Da munka shiga, likitar, wata mace ce ƴar tsakar shekaru, ta duba fayil ta dube mu ta ce me ya sa sai yanzu. Ba da faɗa ta faɗa ba, da gajiya ta faɗa, irin ta wanda ya yi tambayar sau ɗari. Dajin bakin mahaifa ne kuma ya riga ya fita ya taɓa hanyar fitsari. Buhunan albasar da na aje a rumbu ina jiran farashi ya tashi da damina, a ɗanyen kuɗi na sallamar da su, mijinta ya saida bijimin noma, anka yi kemo, wato maganin daji da ake sawa ta jijiya, anka yi gashin wurin da na'ura, wata bakwai muna hanya. Ta rasu ta bar ɗiya biyar. Allah ya jiƙanta ya sa ciwon ya zame mata kaffara.

Ku fahimce ni, ban zo in ɗora ma malamin nan laifi ba, abin da anka tambaye shi ya amsa kuma daidai ya amsa, ajali kuma in ya zo ba mai tare shi. Ni ma da nike wurin kuma na yi boko ban kawo komi a raina ba. Amma tun ranar abu ɗaya ke cina, da malam bayan ya gama fatawa ya ƙara da cewa, baiwar Allah wanga jini ba na zama gida ba ne, gobe ki je asibiti a duba bakin mahaifarki, mijinta in kana nan ka kai ta, to na san yayata, maganar malam ba ta faɗi ƙasa a wurinta, da sassafe za ta tahi. Wata goma sha ɗaya ba kwana goma sha ɗaya ba ne ga mai ciwon daji.

Bayan rasuwarta na zama kamar mai neman wani abu da ya ɓace, duk likita ko nas da na samu sai na tsare shi da tambaya, ina karance-karance a waya da dare. Hukumar binciken daji ta duniya, wadda ke ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya, ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 mutum kusan dubu 128 sunka kamu da daji a Najeriya, kusan dubu 80 sunka mutu da shi, in kunka raba da kwanakin shekara ya haura mutum 200 kullum, sahu nawa ke nan a masallacinku. Kuma abin ya fi faɗa ma mata, cikin mutum goma da sunka kamu shida mata ne. Na nono shi ke gaba da nisa, sama da dubu 32 a shekarar, sai na furostet na maza wajen dubu 18, sai na bakin mahaifa sama da dubu 13, wanda shi kaɗai yana kashe mata wajen dubu 7 a shekara, sannan na hanji da na hanta da na kaluluwa su biyo baya, waɗanga ba ruwansu da mace ko namiji. Ƙiyasi ne fa, an gina shi kan rajistar da ake yi a ƴan garuruwa irin su Ibadan da Abuja da Kalaba. Matar da ta rasu a wani ƙauyen Danko Wasagu ko Bagudo anka ce ai ciwon ciki ne ko sammu, kunka sallace ta da hantsi, wa ya rubuta ta. Ku kun fi kowace rajista sanin yawan gawar da ake kawo muku ta rame ƙashi da fata.

Abin da na lura da shi, wanda shi ya sa ku nike ma wasiƙa ba kwamishina ba, shi ne alamomin farko na manyan dajin nan kusan duk sai sun taɓa tsarki. Jini, fitsari, ruwa mai fita, gyambo mai zuba. Mu kuwa duk abin da ya taɓa tsarki malam muke fara kai ma, ba likita ba. Matar da ba ta iya faɗa ma mijinta, ba ta iya faɗa ma uwarta, za ta rubuta a takarda ba suna ta aiko muku, ko ta bugo waya a shirin fatawa na rediyo ta sauya murya. Wato ku ke fara jin labarin ciwon tun yana ƙarami, likita sai ya girma yake ganinshi. Ba mu ce ku zama likitoci ba. Jimla ɗaya ce, a bayan wallahu a'alamu.

Shi na bakin mahaifa ga yadda anka bayyana min shi. Wata ƙwayar cuta ce ana ce mata HPV, ta hanyar kwanciyar aure ake ɗaukarta, kuma tana da yawa ƙwarai cikin mutane maza da mata, mafi yawa jiki na kashe ta da kanshi ba a ma sani ba, amma ga wasu matan sai ta zauna a bakin mahaifa tana sauya wurin a hankali shekara 15 ko 20 kafin ya zama daji. A nan ina roƙonku ku yi hattara da harshe, don na ji wani mai wa'azi a kasuwa yana cewa ciwon mazinata ne, na ji kamar in kife. Yayata tana da shekara 15 anka kai ta ɗakin mijinta, ba ta san wani namiji ba har ta koma ga Allah. Mace mai miji ɗaya na iya samu, mijin na iya ɗauko ta daga auren da ya yi can baya bai sani ba. In anka maida shi ciwon kunya to an ƙara ma mata dalilin ɓoyewa, ga kuma alhakin ƙazafi. Alamominshi su ne irin na takardar nan, jini bayan kwanciya, jini tsakanin al'ada da al'ada, jini bayan mace ta daina al'ada, ruwa mai wari da ba ya jin maganin sanyi. Kuma tun kafin alama ta fito akwai gwaji, ma'aikaciyar lafiya ta shafa wani ruwan tsami a wurin ta duba da fitila, ƴan mintuna, in ta ga wurin ya fara sauyawa a ƙone shi da wata ƴar na'ura a sallame ta ta koma gida ta ɗora tukunya. Daga shekara 30 ake son mace ta fara zuwa ko da lafiyarta lau.

To mu dawo kan maza, don kar a ce maganar mata ce. Kawuna, ƙanen mahaifiyarmu, dattijo ne mai yawan ibada, shekara uku yana fama da abin da kuke kira salasul bauli, ya yi fitsari ya yi tsarki ya tashi sai ɗigo ya biyo, da dare ya tashi sau biyar sau shida, buta ba ta rabuwa da bakin gadonshi, a sahu kuwa kullum gefe yake tsayawa kusa da ƙofa. Ya tambayi hukunci an ba shi, ya sa ƙyalle ya yi alwala ya yi sallah ba komi. Shi da abokanshi na majalisa duk sun yarda tsufa ne, wasu su ce sanyin mara, wasu su ce basir ne ya danne. Wannan karon dai na riga na sha wuya, na ce Kawu gobe za mu Birnin Kebbi, ya ce kai yaro ni da girmana in je wani ɗan cikina ya buɗe ni, na ce jini kawai za a ɗiba a hannu. Sai da na haɗa shi da limamin unguwarsu, liman ya ce Alhaji ka bi yaron nan neman magani sunna ne, sannan ya sa hula. Kun ga abin da nike faɗi. Gwajin jinin nan PSA ake ce mishi, na duba furostet ne. Ita furostet ɗin wata ƴar tsoka ce kamar goro a ƙarƙashin mafitsara, maza kaɗai ke da ita, hanyar fitsari ta cikinta ta ratsa, in mutum ya manyanta takan kumbura ta matse hanyar, kuma sau da yawa kumburin ba daji ba ne, amma ba mai iya rarrabewa daga zaune sai an gwada. Na Kawu daji ne, Allah ya sa bai kai ga ƙashi ba, yana kan magani, da ƙafarshi yake zuwa Juma'a. Shi ne dajin da ya fi kama maza a ƙasar nan kuma ya fi tsananta ga baƙar fata, duk namijin da ya kai 45 zuwa 50 ya kamata ya je ya yi magana da likita kan gwajin, balle wanda ubanshi ko wanshi ya yi.

Akwai kuma wanda yake namu na ƴan fadama, wanda lissafin ƙasa baki ɗaya ke ɓoye shi, dajin mafitsara ita kanta. Wa ya tashi a bakin gulbi a Argungu ko Yauri ko Bunza bai san tsargiya ba. Muna yara in yaro ya fara fitsarin jini har tsiya ake mishi wai ya balaga, ba mai kai shi ko'ina. Ashe tsutsa ce da ke fitowa daga jikin dodon koɗi na cikin ruwa, ta huda fata sanda yaro ke wanka ko babba ke tsaye cikin shinkafa ko jan taru, ta je ta zuba ƙwai a bangon mafitsara, shekara da shekaru wurin na gyambo yana warkewa yana gyambo, daga ƙarshe ga wasu ya juye daji. Likitocin yankin Sakkwato sun daɗe suna faɗin cewa dajin mafitsara na cikin waɗanda sunka fi gani ga mazan wanga yanki saboda haka. Maganin tsargiyar kuwa ƙwaya ce, firazikwantel, har kyauta ake rabawa a makarantun firamare in an fito kamfen, amma almajiranku na tsangaya, waɗanda su ne kullum cikin kududdufi da gulbi suna wanki da wanka, sau nawa rabon ke kai musu. Allah gafarta malam, in ka ga jini a inda almajiranka ke tsugunni, kai ne uwa kai ne uba a wurin.

Na hanta kuma ba zan ja shi da tsawo ba. Babban tushenshi cutar hanta ce nau'in B, binciken da gwamnati ta yi a 2018 ya nuna wajen mutum 8 cikin 100 na manyan ƙasar nan na ɗauke da ita, akasari ba su sani ba, uwa na ba jariri wurin haihuwa, askar wanzami ɗaya ta zaga kawuna goma, ƙaho, kaciya, wani tushen dajin kuma shi ne gyaɗa da masara da sunka yi funfuna a rumbu muna cewa a sheƙe a ci. Akwai allurar rigakafi kyauta da ake so a yi ma jariri cikin awa 24 da haihuwa. Ku ake kira ku yi ma jariri huɗuba a kunne ranar da anka haife shi, to mi zai hana bayan kun tofa albarka ku ce ma uban, an kai shi an yi mishi ta hanta kuwa. Wasunku yanzu ba su ɗaura aure sai sun ga takardar gwajin jini, Allah ya saka, a duba har da na hanta a ciki.

Na nono shi ne babba kuma shi ne inda al'adarmu ta fi yi muna illa. Kowa a ƙasar Hausa ya san maganar nan, wai daji ba ya son ƙarfe, ba ya son allura, in anka taɓa shi da wuƙa sai ya haukace. Na zauna na yi tunanin inda maganar ta samo asali, sai na ga ai mu ke kai mutum sai ciwo ya gama cin jiki, a yi aiki ya rasu bayan wata biyu, sai a dawo gida a ce kun gani ko, ƙarfe ya taɓa shi. Wadda anka cire ma ƙullutu tun yana kamar ƙwallon dabino ta warke tana cikin gidanta tana daka, ba mai ba da labarinta don ita ma ɓoyewa take. A ƙasashen da ake ganowa da wuri, sama da mata 90 cikin 100 na kai shekara biyar da rai bayan an gano, mu kuwa mafi yawan matanmu sai a mataki na uku ko na huɗu suke isa asibiti, nono ya fashe, an sha shafe-shafe da hayaƙi da rubutu, an kai ma mai magani akuya. Ni ban hana addu'a ba, ban hana tofi ba, wa ya isa, amma a haɗa da asibiti mana, ai ku kunka karantar da mu cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata gare shi, ya ce ku nemi magani ya ku bayin Allah, kuma Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta. Mafi yawan ƙullutun nono ma ba daji ba ne, amma duk wanda mace ta ji, ko ta ga kan nono ya shige ciki, ko jini na fita, ko fatar ta yi kamar ɓawon lemu, ko kaluluwa a hammata, a je a duba, ko tana shayarwa kar a ce ai nono ne ya yi ɗanyen kwanciya a zauna wata shida.

Sannan ku yi ma mu maza magana da babbar murya, don sau da yawa mu ne ƙofar da ke kulle. Na ga mutum a asibiti da idona, likita ya ce a cire nonon matarshi tun abin bai bazu ba, ya ce shi ba a yanke ma matarshi nono, ya sa hannu a takarda ya ɗauke ta sunka tahi, tana tafe tana waiwaye. Wani kuma cewa zai yi namiji ba ya duba mishi iyali, alhali a garin ba likita mace ko ɗaya. Ku kun san babin lalura, kun san abin da shari'a ta sauƙaƙa in rai na cikin haɗari, ku faɗe shi a mimbari ƙarara yadda mai taurin kai zai ji, ba sai an zo an same ku a zaure ba. Ku faɗa musu kuma jinyar mace ba a tura ta gidan ubanta a naɗe hannu a fara neman wata.

Sai maganar allurar HPV, wadda na san a nan ne wasunku za su ɗaure fuska. A watan Oktoba na 2023 gwamnatin tarayya ta sa ta cikin rigakafin yara, ƴan mata masu shekara 9 zuwa 14, allura ɗaya tak kuma kyauta, Kebbi na cikin jihohin da anka fara da su. Ba a kwana biyu ba sai ga sautin murya na yawo a WhatsApp wai ta hana haihuwa ce, wai me ya sa sai mata, wai me ya sa kyauta alhali farasitamol sai ka saya. Ni ban raina mai tambayar ba, talakan da bai taɓa samun komi kyauta daga hukuma ba dole ya yi zargi. Amma mun taɓa bin wagga hanya. A 2003 anka tsaida rigakafin shan inna a wasu jihohin arewa kan irin wagga magana, yaran da sunka shanye a shekarun nan ga su nan manya kan keken guragu a bakin masallatanku. Abin bai gyaru ba sai da sarakuna da malamai sunka shigo da kansu, Sarkin Musulmi ya tsaya, Sarkin Kabin Argungu Alhaji Sama'ila Muhammad Mera ya jagoranci kwamitin sarakunan arewa kan lafiya matakin farko, har anka wayi gari a watan Agusta na 2020 anka ce Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali. Yaran da anka ɗiga ma maganin nan anka ce ba za su haihu ba, yau su muke zuwa ma suna. Ita ma wagga allura ƙasashe da yawa sun fi shekara 15 suna yi ma ɗiyansu. In kuna da shakka ku kira likitoci Musulmi ƴan jihar nan ku zauna da su ku tambaye su komi, ku kuna da wannan girman, in kun gamsu ku faɗa, amma shirun nan da ake yi shi ke bar ma mai sautin murya fili.

Kar ku ce na kyale hukuma, ban kyale ta ba, tata wasiƙar daban ce kuma ta fi wagga zafi. Wanda likita ya ce sai an yi ma gashi, sai dai a ɗauki hanyar Sakkwato ko Zariya ko Abuja, ga kuɗin mota ga na masauki ga na abinci kafin a zo kan na magani, ga hanyoyin da kun san halin da suke ciki. Akwai asusun tallafin masu daji na tarayya da anka fara da na nono da na bakin mahaifa da na furostet a wasu asibitocin koyarwa, akwai cibiyar daji ta ƙasa da ake kira NICRAT, amma je ka ƙauye ka tambayi mutum ɗari ko sun taɓa ji. Dakta Zainab Shinkafi Bagudu ta yi shekaru tana wayar da kai kan daji a jihar nan sanda mijinta ke gwamna, har a 2024 anka zaɓe ta shugaba mai jiran gado ta ƙungiyar yaƙi da daji ta duniya, abin alfahari ne, sai dai tattakin wayar da kai da riguna masu ruwan hoda a Birnin Kebbi ba ya isa inda huɗubarku ke isa. Kowace Juma'a kuna da jama'ar da ba wani ɗan siyasa da zai tara ba tare da ya raba kuɗi ba. Kuma in ana rabon zakka da asusun masallaci a tuna da masu wanga ciwo, gida ɗaya yake shiga ya cinye gona da shanu da jarin mutum uku, ni shaida ne.

Ba baƙon abu nike roƙonku ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da hannunshi ya yi rubuce-rubuce kan magani, har kan basir da ciwon ido, bai ce wannan ba aikin malami ba ne. Nana Asma'u ta tura jajis, wato malamai mata, ƙauye ƙauye suna karantar da mata a cikin gidajensu. Yau ma kuna da malamai mata a kowace Islamiyya ta matan aure, su ke karantar da babin haila da biƙi, a gaban su mata ke sakin jiki su yi tambayar da ba su iya yi muku. A samu nas ko ungozomar asibiti ta zo ranar da za a yi babin, malama ta faɗi hukunci ita kuma ta faɗi wane jini ne ba a zama da shi. Ko sisi ba za a kashe ba in ban da kuɗin mashin ɗinta.

Ƴar autar yayata tana hannuna yanzu, shekararta 11. Ranar da masu allura sunka zo makarantarsu, matata ta kira ni ina tsakiyar loda mota ta ce ga abin da maƙwabta ke faɗi, a yi mata ko a hana, na bar buhunan nan na hau mashin na tahi da kaina na riƙe mata hannu anka yi, ta ɗan yamutsa fuska ta ce Kawu ai ba zafi. Katin na nan cikin jakar da nike aje takardun gona, tare da fayil ɗin uwarta da har yau na kasa yarwa.

Azumi na tafe, za a sake aiko muku da ƴan takardun nan daga bayan labule. Ni dai ina nan inda na saba zama, kusa da ginshiƙi.

Wassalamu alaikum. Naku, ɗanku mai saida albasa, daga Aliero.